Hoton Zailani a Magangarar Karfigela

Harisu ya dawo gida Zango daga labo, inda ya kai fim a wanke. Fim ɗin ya fito baƙi ƙirin.

Hoto ɗaya ya ɗauka da babbar kamararsa a magangarar ruwan Karfigela: ƙanensa Zailani tsaye kan dutse, kafin santsi ya kwashe shi. Har yau ba a ga gawarsa ba. Fim kuwa, in ba a wanke ba, haske kaɗan ke ƙone shi.

"Inna, wa ya taɓa akwatin nan da na ajiye fim ɗin a ciki?"

Mahaifiyarsu, Inna Yalwa, ta ɗago kai.

"Ni ce. Kullum nakan zaro fim ɗin in ɗaga wa rana don in ga Zailani, ba na ganin komai. Idon ya tsufa. Kai ka gan shi? Yana dariya?"

Harisu ya rufe akwatin.

"Yana dariya, Inna."