Ranar da Na Cika Kanti da Dangi

"Goggo, don Allah tura keken kaya, ki yi kamar mai saye!" na roƙe ta, gumi na karyo mini.

Sabon mai kantunanmu yana zagaye, duk reshen da ya tarar ba jama'a rufe shi yake. Namu kuwa, inda nake manaja, ko ƙuda ba ya leƙowa. Sai na kwaso dangi kaf.

Amma danginmu ba su iya zaman banza ba. Kawu ya hau jera gwangwanaye. Goggo ta ɗauko tsumma tana goge ƙasa.

Mai kanti ya shigo, ya yi murmushi.

"Manaja, reshenka ya tsira. Amma tunda masu saye ke aikin, ku ma'aikata sai ku tafi gida ku huta."