Naman da Duba-gari Ya Binne

Duba-gari ya tsaga huhun saniyar, ya ga ƙuraje cike da mugunya, sai ya ajiye wuƙa.

"Wannan ba mai cin sa."

Mahauci ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wata uku rabon mayankar nan da jini. Ai wuta tana kashe komai."

"Ban da wannan."

Yadda doka ta ce, haka ya yi. Ya sa aka haƙa rami, ya tuttula wa naman kananzir, ya tsaya har aka mayar da ƙasa. Jama'a na kallonsa kamar ya binne ɗan'uwansu.

Washegari da azahar ya dawo gida, ya tarar da 'ya'yansa uku suna suɗe kwano, maiƙo har gwiwar hannu.

"Maigida, ga naka na rufe," in ji matarsa, baki har kunne. "Maƙwabta suka sam mana. Yau kowace tukunya a unguwar nan ta ga nama."

Ya ɗaga murfin. An wanke, an cika barkono, amma warin kananzir bai ɓuya ba.

Autarsa ta miƙo hannu tana lasar baki.

"Baba, in ba ka ci, ka ba ni."