Kuɗin Fito

Da tsohuwar ta ga ɗanta ya tanadi sabuwar azurfa, wadda bisa al'adar ƙasar za a sa mata a baki in ta cika, ta biya mai fiton lahira, sai ta ture hannunsa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro kwabon tagulla. Shekara hamsin tana murza shi a baƙuwar ƙasa, har fuskar Sarkin Rum da ke jikinsa ta shafe. Amma hoton gadar garinsu da ke bayan kwabon, inda take wanki tana budurwa, yana nan raɗau.

"Inna, wannan ai a garinku kaɗai ake karɓarsa."

"Na sani, sarkin wayo," in ji ta. "Ka ga ke nan mai fiton zai san gaɓar da zai sauke ni."