Jifan Wendell Tarver

Koci Haskell ya tofar da tabar da yake taunawa, ya ce wa Wendell Tarver in baƙin yaron nan ya ɗauki sandar buga ƙwallo, kansa za a nema.

Shekara tara Wendell yana jifan ƙwallo wa ƙungiyar wasan besbol ta Turawa a wani ƙaramin gari na kudancin Jojiya, a Amurka. Mutum ne marar surutu, kullum kansa a aske ƙwal, rigarsa mai dogon hannu ko da rana na ƙuna. Fari ne, kowa a garin Bature ya ɗauke shi. Ba ya zuwa gida hutu, ba a kuma taɓa kawo masa wasiƙa ba.

Ranar, cikin 1952, abokan karawarsu suka zo da Lucius Mabry, baƙar fata na farko da ya taka filin. Turawa suna ta ihu a mayar da shi gonar auduga. Can bayan shingen waya, inda baƙaƙe ke zama, tsit kake ji.

Wendell ya san yadda ake irin wannan jifa. Ka ɗan karkata kafaɗa, mai bugu ya gane, ya sunkuya, koci ya gamsu. Ba ya ko shakka yaron zai gane.

Lucius bai sunkuya ba. Tsaye ya yi yana kallon fuskar Wendell, kamar ya manta akwai ƙwallo a duniya. Ƙwallon ta same shi a kai, ƙarar ta fito kamar an fasa ƙwarya. 'Yan kallo suka ɗauki tafi, Haskell ya dafa Wendell ya ce haka ake so.

Washegari da hantsi Wendell ya tafi asibiti, ya sauka ƙasa kusa da ɗakin wanki, inda ake kwantar da baƙaƙe. Nas baturiya ta ce idon Lucius na hagu ya tafi, wasa kuma ya ƙare masa. Ta yi mamakin ganinsa a nan.

Wata tsohuwa ce zaune bakin ƙofa da hular zuwa coci, ƙurar hanya a takalmanta. Ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu, yallaɓai."

Tsohuwar ta jira har takun nas ɗin ya ɓace, sannan ta ɗago.

"Tafi, ɗana, tun ba su ga kamarka da Lucius ba. Ƙaninka bai faɗa wa kowa ba."