Muhawarar Rijiyar Gabas

Doka ta ce duk muhawarar intanet da ta shekara talatin, sai an saurare ta da muryoyin marubutanta kafin a rufe. Ni ne mai kula da zauren garinmu, don haka na kunna wa jama'a muhawarar rijiyar gabas. Matattu suka shiga musu da rayayyu, kowa da tarinsa da dariyarsa, mu kuwa muka kasa motsi.

Gambo ta zo ne don ta ji muryar mijinta, marigayi yayana. Amma da aka iso inda na goge maganarsa tun a wancan lokacin saboda ya ƙaryata ni, na'urar ta yi shiru na minti guda.

Ta ce, "Tanimu, nan ne wurinsa ko? Maimaita mini."

Sau uku na kunna mata shirun.