Laifin 'Yar Tsana

Gwaggo Nighat ta fizge rimot ta cusa a jaka. Zimal, 'yar shekara biyar, tana gaban madubi tana kuka. Ta ƙi taɓa abinci, wai ita baƙa ce, ga ƙiba.

"Ban faɗa muku ba?" Gwaggo ta nuna ƙaninta Tauqir, uban yarinyar, da yatsa. "Duk Lahore ba mai kunna wa yarinya katun ɗin 'yar tsanar nan sai ku. Ƙugu kamar tsinke, fata kamar madara, ba aiki sai sauya kaya! Kun lalata mini 'ya."

Matar Tauqir ta sunkuyar da kai, don ita ta kunna shi jiya.

Tauqir ya durƙusa gaban 'yarsa. "'Yar lelena, wace 'yar tsana ce ta ce ba ki da kyau?"

Zimal ta share majina. "Abba, ai ban kalla ba. Ana farawa aka ɗauke wuta."

"To wa ya faɗa miki?"

"Gwaggo. Ta ce in rage ci, in riƙa shafa man da ta kawo mini, ko na samu miji."

Gwaggo ta gyara mayafinta. "To, ƙarya na yi?"