Rairayi Ne Ya Tsayar Da Motar

Da Shari'a ta kankama a Zamfara aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, sai Mamuda ya sayar da babur ɗinsa. Ya ƙudurta sayen mota ya riƙa jigilar mata zalla tsakanin Ƙaura da Zurmi.

Ya ji labarin wata tsohuwar mota a Shinkafi, wurin Alhaji Tambari, aminin marigayi mahaifinsa Auwalu. Kafin ya tafi, Tsoho bakanike ya ja masa kunne.

"Ka hau da ita kwalta, ka ba ta wuta, kana ka taka birki. In yal lume ko taj ja gefe, bar musu abinsu. Ka leƙa bayan tayu ko mai na zuba."

Motar ta sha fenti sai ƙyalli take. Mamuda ya zagaya da ita ƙofar gidan Alhaji, inda rairayi ke cin ƙafa har idon sawu. Ya taka birki, ya ji shi laɓo-laɓo, amma mota ta tsaya cak. Rairayin ne ya tsayar da ita, shi ma ransa ya ba shi haka.

"Baba, ko in ɗan taɓa kwalta da ita?"

Alhaji ya yi dariya, 'yan zaman majalisarsa suka taya shi. "Ɗan Auwalu, ni zan cuce ka? Wagga mota lahiyatta lau."

Kunya ta rufe Mamuda. Ya sunkuyar da kai ya ce ai shi ke nan, ya biya kuɗin mota.

Ran kwana na uku ya ɗauki mata 'yan biki. A gaba ya zaunar da Inna Rabi'atu, ƙanwar mahaifiyarsa da ta raine shi, tana ta sa masa albarka. A wata gangara kusa da Zurmi, amalanken shanu ya ratso hanya. Mamuda ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, babu komai. Ya kauce wa shanun, ya daki wata bishiya ta ɓangaren Inna.

A asibiti aka yanke mata ƙafar dama.

Da Alhaji ya zo jaje, a gaban mutane ya ce, "Yaro, da ka nace sai ka gwada ta a kwalta, wa zai hana ka?"

Inna ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Kullum da safe sai ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarta tana zuwa alwala. Har yau in ya je gaishe ta, ƙasa yake kallo.

Jama'a, fenti da rantsuwar mai mota ba sa tsayar da mota. Ko wurin wa za ka saya, gwada birki a kwalta, ka sa bakanike ya duba. Kunyar minti biyar da Mamuda ya guje wa, ƙafar Inna ce ta biya ta.